Dashen bazara a Jos da ɓuntu da ɓawon kwakwa

Da Maris ya kama, sanyin Jos ya ja baya, ruwan farko kuma bai sauka ba tukuna, tsiron tumatir da attaruhu da kabejin da na yafa sun fara matse juna a tire. Lokacin raba su zuwa baƙar leda ya yi.

Bana na ƙi sayen buhun ƙasar reno da ake shigowa da ita daga Turai, domin yawancinta fit ce, wato gansakuka da ciyayin dausayi da suka daɗe a danne cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Kimanin milimita 1 take taruwa a shekara, ke nan zurfin mita guda aikin shekara 1,000 ne. Irin waɗannan dausayoyi kusan kashi 3 cikin 100 ne na doron ƙasa, amma kabon (sinadarin da ke ƙara ɗumamar duniya in ya fita cikin iska) da ke binne a cikinsu ya fi na dukan dazuzzukan duniya, kuma da an haƙe su sai ya fara fita sama. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta sanar da niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila. Ni dai raina bai yarda a yashe dausayin wata ƙasa don tumatir ɗina ba, alhali ɓuntun shinkafa na tule a bakin injin casa.

Na haɗa kashi biyu na garin ɓawon kwakwa, kashi ɗaya na ƙonannen ɓuntu, da kashi ɗaya na takin shanu da ya huce sarai, na tankaɗe shi da rariya. Ɓawon kwakwar a dunƙule yake zuwa kamar bulo. Na jiƙa shi ya kumbura, na tsiyaye ruwan na sake ɗauraye shi, saboda wani yakan zo da gishiri, saiwar ƙaramin tsiro kuwa ba ta jure shi.

Da yamma nake dashe. Sai tsiro ya fitar da ganyen gaske bayan biyun farko nake taɓa shi. Ina ɗago shi da ɗan tsinke daga ƙasa, in riƙe ganye ba kara ba; ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Tumatir ina nutsa shi har kusa da ganyen farko, don karansa na fitar da sabuwar saiwa. Attaruhu kuwa daidai inda yake a da nake barinsa.

Ban ruwa ne ya fi koya mini darasi. Wannan haɗi samansa yakan bushe ya yi fari-fari da rana, ka rantse ƙishi yake ji, alhali ƙasan ledar sharkaf yake. Wani dattijo mai noman rani a bakin tsohon kududdufin kuza ne ya nuna mini in daina duban fuskar ƙasa: in cusa yatsa, ko in ɗaga ledar in ji nauyinta. Da na ce, “Baba, ko da ganyen ya langaɓe da azahar?” sai ya sa in jira la'asar in sake dubawa. Sau da yawa zafi ne kawai, da kansa yake miƙewa. Yawan ruwa shi ke ruɓar da gindin tsiro ya kife dare ɗaya.

Abinci ma yana saurin ƙarewa, tunda ɓawon kwakwa da ɓuntu ba su da wani abin kirki da za su ba shuka. Da ganyen ƙasa ya fara rawaya, ina jiƙa busasshen kashin kaji a bokiti, in tsarma ruwan sosai, in zuba a gindi.

Yanzu da saiwa ta fara leƙowa ta hujin leda, ina fitar da su rana kaɗan-kaɗan kafin su koma kunya. Da hadarin Afrilu ya haɗo kuma nakan janye su ƙarƙashin rumfa, domin ruwan farko a Jos kan zo da ƙanƙara.