Godiya Bayan An Ciro Gyaɗa Daga Ƙirjin Autarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar muka iso gida daga Kano. Auta ta kwana lafiya lau, babu wannan fiton na ƙirji da ya hana mu runtsawa kwana tara.

Ga waɗanda ba su ji ba: ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta cika bakinta, yayanta ya fizge mata kwano, ta ja numfashi za ta yi kuka, sai ta sarƙe. Ta yi tari har leɓɓanta suka yi duhu, can kuma ta lafa, muka ce ta wuce. Ashe ƙwayar hanyar iska ta bi. Kwana uku sai ga zazzaɓi. Mai kemis ya ce nimoniya ce. Wani dattijo ya ce belu ne, a kira wanzami. Mahaifiyarta ta kafe ba wanda zai sa wa 'yarta aska a wuya. Allah ya saka mata da alheri.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar jinyar da muka samu a Dutse. Ta saurari ƙirjin dama da hagu, ta ɗago ta ce, "Malam, yarinyar nan ta taɓa sarƙewa da wani abu?" Ita ta faɗa mini gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji yadda ƙarfe yake fitowa, ta ce kada mu kwana. A daren muka bi ta Wudil zuwa Kano.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da ya karɓe mu, aikin yara ya fi ƙwarewa a kai. Ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsan Auta ya ce hanyar iskarta kusan faɗinsa ke nan, ga gyaɗa tana kumbura, man da ke cikinta kuma yana sa wurin ya yi ja ya toshe. Aka sa ta barci, ya zura siririn bututun ƙarfe mai fitila ta bakinta, ta cikin bututun nan kuma ake ba ta iska. Ko yanka ba a yi ba. Ya fito ya miƙo mini ɓarin gyaɗa a cikin 'yar kwalba, ƙafafuna suka kasa ɗauka ta, na zauna a ƙasa.

Wani ƙaramin likita ne ya lissafa mini hanyar da maigidansa ya biyo: shekara 6 a jami'a, shekarar sanin makamar aiki, bautar ƙasa, shekarun koyon tiyata har ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, sannan ya ƙara horo kan yara kaɗai. Ya ce a Amurka tun 2021 masu wannan fanni suke zana jarrabawa ta musamman. Ni na ga amfanin wannan horo da idona, kuma ina roƙon gwamnatinmu ta Jigawa ta ɗauki nauyin 'ya'yanmu likitoci su koyo shi, don ba kowane yaro ne zai kai Kano da sauran numfashi ba.

Jama'ar masallacinmu da suka haɗa kuɗi bayan asuba, direban da ya ƙi karɓar ko sisi, maƙwabtan da suka kwashe mana gyaɗar da muka bari a shanya, Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Ranar Litinin za mu koma a sake duba ta. Masu son zuwa barka, muna gida.