Wa matashinmu yake gaya wa damuwarsa?

A kowace damina, idan sakamakon jarrabawar BEPC da na bakaloriya suka fito, gidajen Maradi sukan kasu biyu: gidan da ake guɗa ana karɓar barka, da gidan da yaro yake shigewa ɗaki ya ƙi cin abinci. Gida na biyun ne ya fi damuna, domin abin da ake yi wa yaron da ya faɗi a makon nan na farko yana nuna irin tarbiyyar da muke ba ƴaƴanmu game da wahala. Yawancin iyaye abu biyu ne a hannunsu: su yi faɗa, idan rai ya huce kuma su ce "yi haƙuri, haka Allah ya so". Na yarda cewa dukansu daga ƙauna suke fitowa, amma babu wanda yake ba yaro damar faɗin abin da yake cin ransa, kuma yaron da bai saba faɗi ba yakan nemi wata hanyar da zai danne abin.

Nauyin da yake kan matasan wannan jiha ba ƙarami ba ne. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, saboda haka aji a cike yake, kuma malami ɗaya ba zai iya lura da fuskar kowane ɗalibi ba. Garinmu da kasuwanci yake rayuwa, shi ya sa rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2019, da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, suka shiga har cikin tukunyar gidaje, yara suna kallon iyayensu maza zaune babu ciniki. Tun daga 2019 kuma dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankunan Gidan Rumji da Madarumfa suna gudun ƴan bindiga, a cikinsu akwai samari da ƴanmata da suka ga abin da babba ma ba zai iya mantawa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin shekara 14 ta wuce. Ban ga dalilin da zai sa mu ɗauka cewa namu yaran sun fita daga wannan lissafi ba.

Akwai wani abu game da halittar matashi da ya kamata kowane uba ya sani kafin ya ɗaga murya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake auna abin da zai biyo baya ya kuma riƙe mutum daga gaggawa, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sassan da suke jin zafin abu da daɗinsa sun riga sun farka tun lokacin balaga. Saboda haka idan yaro ɗan shekara 16 ya ce rayuwarsa ta ƙare domin ya faɗi jarrabawa, har zuciyarsa haka yake ji a wannan lokacin, kuma yana bukatar wani mai hankali a kusa da zai ara masa hangen nesa har ya samu nasa.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai kan wannan batu shi ne wanda wata masaniya, Emmy Werner, ta jagoranta a tsibirin Kauai na Hawai a Amurka, inda aka bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya bisa uku daga cikinsu sun tashi cikin talauci da rikicin gida, amma a cikin waɗannan ɗin ma kusan kashi ɗaya bisa uku sun girma sun zama mutane natsattsu masu riƙe aiki da iyali. Abin da aka yi ta gani a tarihinsu shi ne kowannensu yana da aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi da gaske, kuma sau da yawa wannan mutumin kaka ce, ko wata ƴar'uwar iyaye, ko malami, ko maƙwabci.

Wannan sakamako bai kamata ya zo wa Bahaushe a matsayin baƙon abu ba, domin tsarin gidanmu ya daɗe da tanadar irin wannan mutumin. Kunya takan sa uwa ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari, uba kuma ba ya zama hira da saurayin ɗansa, amma al'adar da ta sa wannan tazara ita ce ta buɗe wasu ƙofofin. Jika yana wasa da kakarsa, ya faɗa mata abin da ba zai iya furtawa a gaban babansa ba. Kawu yakan ja ɗan ƴar'uwarsa gefe, gwaggo takan san sirrin yarinya kafin uwarta ta sani, taubasai kuma suna gaya wa juna gaskiya cikin raha. Da aka ce ɗa na kowa ne, waɗannan mutanen ake nufi. Abin da nake gani yanzu shi ne magidanci ya samu hali ya gina gidansa a bayan gari, nesa da babban gida, ya ɗauke ƴaƴansa daga kaka da gwaggo, amma ya tafi da kunyar nan yadda take. Yaro ya wayi gari tsakanin iyayen da ba ya iya yi wa magana da wayar da ba ta san shi ba.

Samari da yawa fada, wato majalisar da suke zama shan shayi, ce take cike musu wannan gurbi, kuma ba na cikin masu zagin fada gaba ɗaya. Zaman shayi da abokai yana rage kaɗaici, wasu fadodin har asusu suke yi su taimaki wanda ba shi da lafiya. Matsalar ita ce dukansu sa'o'in juna ne, babu wanda ya riga wani ganin rayuwa, kuma a irin wannan zama ne tiramol, ƙwayar kashe ciwo, yake samun ƙofa. Ƙwayar da likita yake rubutawa yawanci miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 200 ko 225, tana kama jiki da sauri, tana kuma iya jawo farfaɗiya. Yaron da ya fara sha domin ya jure aikin kabu-kabu ko na gona yakan gano cewa tana kashe masa tunani na ɗan lokaci, daga nan sai ta zama inda yake kai kukansa.

Masu ganin cewa faɗin damuwa rashin tawakkali ne, ina roƙonsu su sake duba Suratu Yusuf. Annabi Yakubu, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, shi ne ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya kuma furta cewa yana kai ƙarar damuwarsa ga Allah. Hadisi ya nuna mana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsayawa ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa. Idan tsuntsun yaro ya isa a tsaya a tambaya, to jarrabawar da ya yi shekara yana yi wa karatu ta fi isa.

Shawarata ga iyaye ita ce su zaɓa wa kowane matashi babban mutum ɗaya da gangan, su kuma ba shi izini a fili: "Je ka wurin kawunka ku yi magana, abin da kuka faɗa tsakaninku ne." Wanda aka ɗora wa wannan amana aikinsa na farko sauraro ne, ya bari yaro ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ya tambaye shi, "To ɗana, kai me kake ganin za a yi?" Wannan tambaya tana koya wa yaro ya rarrabe abin da yake hannunsa da wanda ba ya hannunsa, ya kuma ɗauki mataki ɗaya, ko da zuwa wurin malamin lissafi ne ya nemi ƙarin bayani kafin ya sake zama jarrabawa. A haɗa masa da abin da zai iya da hannunsa, ko ɗinki ko gyaran babur ko kiwon tumaki, domin wanda ya taɓa ganin aikinsa ya yi kyau ba ya saurin yarda cewa shi ba kowa ba ne. Filin kokowa ma makaranta ce, tunda a nan ne ake kayar da mutum a gaban jama'a ya tashi ya karkaɗe ƙasa ya dawo wata shekara. Barci kuma kada a raina shi: likitoci suna cewa matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10, wayar da take kwana a shimfiɗarsa kuwa ita take cinye su.

Ƴanmata sun fi shiga tsaka mai wuya, domin ba su da fada, kuma shirunsu ake yaba wa a ce natsuwa ce. A Nijar kusan yarinya uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, jihar Maradi kuma tana cikin inda abin ya fi yawa, wato yarinya tana barin ƙawayenta da makarantarta a daidai shekarun da ta fi bukatarsu. Ko an kai ta ɗaki, gwaggo ko yayar da ta saba da ita ta ci gaba da leƙa ta, ta kuma tambaye ta fiye da "ya gida?".

Akwai kuma matakin da hira ba ta isa. Idan matashi ya kai mako biyu ba ya ci ba ya barci yadda ya saba, ya janye daga abokai da abin da yake so, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti a nemi ma'aikacin lafiya da ya san larurar ƙwaƙwalwa, addu'a tana tafiya magani yana tafiya. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bincike ya nuna cewa tambayar ba ta dasa wannan tunani a zuciyar wanda ba shi da shi. Kafin a isa asibiti a kawar da maganin ƙwari na gona da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.