Shekara Uku a Ɗaki Ɗaya, Ba a Shafa Fatiha Ba

Ƙannena masu tafiya ci-rani da masu karatu nesa da gida, ku ba ni aron hankalinku. Na yi zaman daduro shekara uku cur a Agege, don haka ba labarin wani zan ba ku ba.

Acaba nake yi a Legas a lokacin. Ita kuwa bazawara ce mai sayar da abinci a bakin titi, a nan muka saba. Mai gidan haya ya ce sai kuɗin shekara a dunƙule. Nawa ba su kai ba, nata ba su kai ba, amma da muka haɗa sai suka isa. Ta kawo akwatinta da risho da tukwane biyu. Muka ce na ɗan lokaci ne, kafin in tara abin aure.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai daɗin da ke ruɗar mutum. In dawo da dare jiki ya yi tsami, in tarar da ruwan zafi da tuwo a rufe. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, ita ta yi jinyata. Kuma kullum ina ce wa kaina ai gara in san halinta kafin a ɗaura, hujjar da har yau nake ji a bakin samari. To, wane hali? Ita tana haɗiye duk abin da ya ɓata mata rai don kada in ce ta kama gabanta. Ni kuma abin auren da nake cewa ina tarawa, ko sisi ban ajiye ba, domin babu abin da ke matsa mini.

A 2012 gwamnatin Legas ta yi dokar da ta hana 'yan acaba bin manyan tituna. Samu ya ja baya, faɗa ya shigo ɗaki. A nan na ga ramin da muka haƙa. Matar aure in ranta ya ɓaci yaji take yi, miji ya je biko, manya su zauna su ba mai laifi laifinsa. Ita fa? Wani dare tana tsugune tana wanke kwanuka, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, in ka kore ni yau, wa zan kai wa kuka? In ce musu kai mene ne nawa?" Na rasa ta cewa.

Sai ga ciki. Na ruga wurin wani malamin unguwa don a gyara. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba a ɗaura aure a kan wannan cikin, sai ta sauka." Sannan ya faɗa mini abin da ya hana ni barci: a mazhabarmu ta Malikiyya abin da za a haifa ba a jingina shi gare ni, ba ya gādona, in mace ce ba ni ne waliyyinta ba. Iyakata in yi kyauta ina raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Mace ta haifa. Bayan arba'in yayyenta suka zo suka tafi da su, kuma ta ce ba za ta aure ni ba. Ban ga laifinta ba. Na koma garinmu na yi aure, ba wanda ya tambaye ni komai. Ita ce ake nunawa da baki, ita da yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wannan rashin adalcin shi ya fi ci mini rai.

Ƙanena, aure waliyyi ne da shaidu biyu da sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Abin da na zuba a haya ya ninka haka. Lefe al'ada ce, ana iya roƙon iyaye sassauci, kuma da dama suna yi. In ba ka shirya ba, ka kama ɗaki da 'yan'uwanka maza ku raba kuɗin. Ke kuma ƙanwata, duk wanda ya ce ki kawo akwatinki tukuna, ki ce ya fara turo magabatansa.

Na saya wa yarinyar fili, takarda da sunanta. Da na kai, kakarta ce ta fito zaure ta karɓa. Ita tana laɓe a bayan ƙyaure tana leƙena, aka ce, "Zo ki gaida baƙo."