Yadda na raya tudun ƙasar kuza a bayan Bukuru

Filin da na samu tudu ne na ƙasar da masu haƙar kuza suka tara suka yi gaba: yashi, tsakuwa da jan laka, ga tsohon rami cike da ruwa a gefe. Ko ciyawa ba ta son wurin. Itatuwan turare da aka dasa tun da daɗewa sun yi tsawo, amma in ka tona gindinsu, ƙasar na nan jiya i yau.

Shekarar farko na yi garaje. Na shuka masara, na zuba yuriya. Ta yi kore shar na ɗan lokaci, ruwan Agusta na sauka ganyen ƙasa suka koma rawaya. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, sinadarin da ke sa shuka girma da kore, amma ƙasar da ba ruɓaɓɓen ganye a cikinta ba ta da abin riƙe shi. Zuba ruwa a kwando na yi.

Wajen tsofaffin 'yan lambu da ke ban-ruwa daga ramukan kuza na koyi sa tokar juji, bayan an tsince leda da kwalba. Toka na rage tsamin ƙasa. Na haɗa da kashin shanu da ɗan takin sufa mai sinadarin fosfaros, don wake ba ya kama aikin gyara ƙasa sai da shi. Sannan na shuka wake da gyaɗa.

Farkon tsiron da na tumɓuke, saiwarsa sumul, ba ƙululu ko ɗaya. Ashe ƙwayoyin halittar da ke zama cikin ƙululun saiwar wake su zuƙo naitirojin daga iska sun yi ƙaranci a ƙasar da aka tono daga ƙarƙashi. Na ɗebo ƙasa daga tsohuwar gonar wake na barbaɗa a ramukan shuka. Ranar da na fasa ƙululu da farce na ga cikinsa ja-ja, alamar yana aiki, sai da na zauna na yi hamdala.

Abin da ya fi wuya shi ne barin harawa. Kuɗi ce a kasuwa, ga tumaki a gida, amma in ka kwashe ta, ka kwashe abin da ka tara. Damina uku ina binne ta, ina fama da awaki a shinge. Na kuma dasa gawo a bakin iyaka, saboda ganyen da yake zubarwa da damina.

A damina ta huɗu fartanya ta fara fito da tana, na mai da masara layi-layi tsakanin waken.