Sati na shida: fim ɗin kaboyi na bayan duniya ta rushe

Salam 'yan uwa masu koyo. Yau sati shida kenan ina fama da wannan sikirif ɗin, wato rubutun labarin gajeren fim ɗin da muke son ɗauka, kuma sai a wannan satin na gane inda nake ta ɓata wa kaina lokaci. Da shafi 22 ne, yanzu ya dawo 11, kuma wallahi ya fi daɗin karantawa.

Abin da na fara cirewa shi ne farkon. Shafi biyar na rubuta ina nuna yadda yaƙi ya cinye duniya, jirage, bamabamai, gari na ci da wuta, alhali waya ɗaya gare mu ta ɗaukar fim ɗin da mutum bakwai. Sai na koma na sake kallon Mad Max 2 na 1981, wanda aka ɗauka a wajejen Broken Hill a Ostareliya, na ga yadda suka yi: muryar wani tsoho ce kawai a kan tsofaffin hotunan yaƙi marasa kala, cikin 'yan mintuna an gama da duniya an shiga labari, sai a ƙarshe ka gane ashe tsohon shi ne ɗan yaron nan da ke cikin fim ɗin. Shi wannan ɗin ya samu kuɗi daidai gwargwado, na farkon na 1979 ne aka yi da ɗan abin da ba a rasa ba, amma waɗanda suka biyo sahu a Italiya da Filifin su kam talauci ne ya rubuta musu rabin labarin. Ramin da ake fasa dutse, tsofaffin motoci, kayan gwanjo da robar taya a kafaɗa, shikenan an samu ƙarshen duniya. Ni ma yanzu muryar wata tsohuwa ce ke buɗe nawa, layi huɗu.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi ba ni wuya, abu ɗaya tak za a yi rigima a kai. A Mad Max 2 fetur ne, a Stryker na 1983 da aka yi a Filifin ruwa ne, haka ma Steel Dawn na 1987 da aka ɗauka a hamadar Namibiya, baƙo ya sauka gonar wata mata da mijinta ya mutu ya bar ta da ɗa, ga bos yana son ƙwace ruwan. Wanda ya san finafinan kaboyi zai ga ai Shane ne na 1953 aka canza masa riga, har da yaron da ke kallon akta kamar uba. Ni da na haɗa ruwa da magani da taswira da kuma ramuwar gayya duk a fim na minti goma sha biyu, abokina da ya karanta ya tambaye ni wai me ake nema ne, na kasa ba shi amsa ɗaya. Yanzu famfon burtsatse ne guda ɗaya da har yanzu yake kawo ruwa, kowa na iya ganinsa a kyamara, ba sai an yi bayani ba.

Maganar akta ma na rage ta sosai, daga layi talatin da wani abu zuwa tara. Da na ɗauka salon burga ne kawai yin shirun, ashe har da dabara, don idan kana ɗauka a fili iska na kaɗawa ba ka da makirfo mai kyau, duk kalmar da ka ƙara wahala ka ƙara wa edita.

Inda na maƙale shi ne ƙarshe. A al'adar irin wannan fim baƙon ba ya zama, yana gama taimako sai ya juya ya tafi, kuma ina son hakan har raina, amma nawa bai da dalilin tafiya tukuna, kawai tafiya yake don na ga ana yi. Ina tunanin in sa ya zama shi ma tsohon yaron bos ne, mutanen garin sun sani, za su sha ruwan da ya ƙwato musu amma ba za su ba shi wurin kwana ba. Ranar Asabar zan je in duba wani tsohon ramin dutse a bayan gari, in ga ko famfon da muka haɗa da bututun roba zai tsaya a wurin, sai in rubuta sin ɗin ƙarshen ina tsaye a can.