Tafiyata Katsina Domin Ganin Ƙwayar Jini

Na tashi daga Daura da hantsi a motar haya, muka bi ta Mashi zuwa Katsina, lokacin gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya. Wata masaniyar ƙwayoyin halitta ce ta gayyace ni, matar wani abokina, bayan na gaya mata cewa na daɗe ina koyar da darasin sikila a sakandare ban taɓa ganin jinin mai cutar a madubin bincike ba.

Ɗakin aikinta ƙarami ne, amma tsaf yake. Ta ɗiga jini a kan gilashi, ta haɗa shi da wani sinadari mai janye iskar oksijin, ta rufe da siririn gilashi, sannan ta liƙe gefensa da basilin don kada iska ta shiga. Muka jira, daga baya ta ce, "Malam, matso ka duba." Jajayen ƙwayoyin da na gani a kewaye ɗazu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje, wasu sun yi tsini a baki biyu. Ta bayyana mini cewa idan oksijin ya yi ƙaranci, sinadarin himogulobin, wato mai ɗaukar oksijin a jini, na mai sikila yakan harhaɗe ya sandare a cikin ƙwayar, sai ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, kuma daga nan ne azabar ciwon ƙashi take tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ita kuwa wannan tsakanin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Tunanin 'ya'yan maƙwabtana da ake yawan yi wa ƙarin jini ya hana ni ɗago kai da wuri.

Da na yaba mata, sai ta ce babu wani abu a kan teburin nan da mutum ɗaya ya gano. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin. A 1954 Anthony Allison, da aikin da ya yi a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensu kawai, suna da kariya daga zazzabin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawan cutar a ƙasashenmu. Bayansa Vernon Ingram a Ingila ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a ginin sinadarin.

Inda muka fi daɗewa shi ne aikin da aka yi a Kano, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Sun riƙa auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila da na'urar sauti, domin gano waɗanda ke dab da shanyewar ɓarin jiki, sannan suka ɗora su a kan maganin hydroxyurea. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin ma yana ba da kariya. A ganina wannan ya fi kusa da buƙatarmu fiye da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ba na raina shi, domin shi ma da hydroxyurea manufarsu ɗaya, wato farfaɗo da himogulobin na jarirtaka wanda ba ya sandarewa. Sai dai a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara, maganin da talaka zai iya samu shi ne abin dubawa tukuna.

Kafin na fito ta ja hankalina cewa gwajin da na gani ba ya bambanta AS da SS, wato mai cutar sosai, don haka bai isa a dogara da shi kafin aure ba, sai an yi gwajin rarrabe himogulobin da lantarki. Bayan la'asar na yi mata sallama na nufi tasha, ita kuma ta koma jera kwalaben jini a akwatin ƙanƙara, waɗanda za ta aika wa wata abokiyar aikinta a Kano.