Ranar da muka kai telan unguwarmu makwancinsa

Alhamis, bayan sallar Isha'i.

Yau da asuba, liman yana sallamewa ladan ya miƙe ya sanar da cewa Allah ya yi wa tsohon telan unguwarmu rasuwa cikin dare, kuma za a yi jana'izarsa da ƙarfe tara a ƙofar gidansa. Masallaci ya ɗauki "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini a rai, kuma ina jin nauyin rubuta shi, shi ne naira 4,500 da yake bi na tun ɗinkin yara na ƙaramar Sallah. Ba rashi ne ya hana ni biya ba. Kullum sai na bi ta gaban shagonsa, in ji ƙarar kekensa, in ɗaga masa hannu, in ce a raina gobe zan tsaya. Shekaranjiya ma mun gaisa, yana zaune da tabarau a karan hanci yana fama da zura zare a allura.

Kafin a ta da salla, ƙanensa ya fito gaban sahu ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya same shi, wanda kuma marigayi yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo, domin yanzu haƙƙin marayu ne. Na sha jin irin wannan sanarwa, amma yau ji na yi kamar da ni kaɗai ake. Aka yi kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, cikin 'yan mintuna aka gama, aka ɗauki makara.

A maƙabartar Dandolo da ke gindin Goron Dutse na samu na tsaya daf da bakin kabarin, har na ga yadda aka kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Ramin ciki ƙunci gare shi, daidai jikin mutum ba ƙari. Aka jera itace a kai, aka toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan muka shiga turawa da hannuwanmu. Abin da ya tsaya mini a zuciya shi ne likkafanin. Mutumin da ya shafe sama da shekara arba'in yana ƙawata wuyan manyan riguna, yana fitar da angwaye da masu hawan Sallah kunya, ga shi ya tafi cikin farin yadi wanda babu ko ɗigon aiki a jikinsa.

Tun muna makarantar Islamiyya muka haddace hadisin da ya ce abu uku ne ke raka mamaci, wato iyalinsa da dukiyarsa da aikinsa, biyu su dawo, aikinsa ya zauna tare da shi. Yau da idona na ga dawowar. Ba mu kai bakin ƙofar maƙabarta ba wayoyi suka fara ƙara, wani yana tambayar farashin siminti, wani yana cewa a jira shi a kasuwa. Ban zarge su ba, domin ni ma hannuna na cikin aljihu yana laluben tawa. Haka aka halicce mu da mantuwa, kuma da babu ita da ba wanda zai iya cin abinci bayan jana'iza. Sai dai shekaruna 52 yanzu, Manzon Allah (SAW) ya bar duniya yana da 63, kuma ya faɗa cewa shekarun al'ummarsa tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke wuce haka. Duk yadda na juya lissafin nan, abin da ya wuce ya fi abin da ya rage.

Bayan La'asar na koma wurin zaman makoki. Da jama'a suka ɗan ragu a kan tabarmi, na ja babban ɗansa gefe, na yi masa ta'aziyya, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Baba, ɗan jira ni," ya shiga gida ya fito da wani tsohon littafin rubutu wanda bangonsa ya yi baƙi da man keke. A ciki marigayin yake rubuta awon mutane da abin da ya rage a kansu. Yana buɗawa na lura da sunaye da yawa da aka ja wa layi, an rubuta "na yafe" a gefe. Yaron ya ce galibinsu matan da mazansu suka rasu ne da masu riƙon marayu, kuma shi kansa bai san da wannan ba sai daren jiya. Sunana yana nan ba a ja masa layi ba, kuma daidai ne, domin ni ba mabuƙaci ba ne, jinkiri kawai na yi. Na miƙa kuɗin, ya karɓa ya rubuta, ya ce zai haɗa da abin da za a raba bayan an fitar da bashi da wasiyya, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara.

A hanyar gida na riƙa tunanin cewa wannan bashin mai sauƙi ne, tunda akwai littafi kuma akwai magajin da zai karɓa. Akwai wanda idan mai shi ya tafi babu hannun da za a damƙa wa. Shekara biyu ke nan ba ma magana da yayana da ke Zariya saboda saɓani a kan gonar da mahaifinmu ya bari, alhali na san bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Shi ma wannan kullum gobe nake ce masa.

Bayan Magariba na zauna a tsakar gida na kira shi. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka. Na ce, "Yaya, ni ne." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan da wata irin murya ya ce, "Lafiya dai? Wa ya rasu?" Na ce masa kowa lafiya, gaisuwa ce kawai, kuma in Allah ya kai mu Asabar ina nan tafe. Ya ce Allah ya kawo ni lafiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.